Jinin Mai-Kwalli

Unguwar Dawaki, Gombe
14 ga Agusta, 2023

Zuwa ga mahaifina, Baffa Joda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina tambayar jikinku. Yaya hannun, yaya ƙafar? Bakari direba ya ce ranar Talata ya same ku zaune a ƙofar ɗaki, har kun ɗaga masa hannun hagu. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, Allah Ya ƙara sauƙi. Ina gaida Inna da ɗawainiyar jinya. Ina gaida Adda Bushra da maigidanta da yara. Adda, tunda ke za ki karanta musu, ki matsa ta wajen kunnen dama ki ɗaga murya, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Mu nan lafiya lau. Matata Ruƙayyatu tana gaishe ku, ta ce ƙullin kukar da ta ba Bakari na Inna ne, kada yara su taɓa. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan turke ta tsage, na tokare ta da icce kafin rani.

Baffa, ranar da za a tafi da ku Dukku jinya gidan Adda kun riƙe mini riga kun ce duk abin da ya faru a garke in rubuto a takarda, tunda waya ba ta yi muku amfani, kuma kada in ɓoye komai. To ga shi.

Ragonku Mai-Kwalli yana nan kamar yadda kuka bar shi, fari tas, baƙin idon nan nasa kamar an zauna an rambaɗa masa. Yana cin harawa da angurya, ya kuma karya mini turke ɗaya. Tumaki tara sun haihu daga farkon wata zuwa yau. 'Ya'ya bakwai suna tsalle a tsakar gida. Uku kuwa ban san yadda zan faɗa muku ba.

Kun san ɗan tunkiya idan ya faɗo uwar ta lashe shi, kafin mutum ya gama alwala ya miƙe yana neman hantsa. Ɗan tunkiyarku Gajera bai miƙe ba. Ya yunƙura, sai kansa ya kama kaɗawa kamar mai cewa a'a, ƙafafun suka baje kowace ta kama gabanta, ya faɗi ta gefe yana shure-shure. Na ce sanyi ne, na goge shi da buhu na kai shi rana. Da la'asar yana nan yadda yake. Idonsa garau, hancinsa ba majina, cikinsa ba ya gudu, kuka yake da ƙarfi don yunwa. Abin da na lura, idan ya yi barci jikin yakan kwanta lif, babu rawa ko kaɗan. Da ya farka ya so wani abu, rawar ta dawo. Yana kusantar nono tana ƙaruwa, har bakinsa ya riƙa dukan hantsar yana wucewa. Kamar son abin ne yake tayar da ciwon. Ni nake riƙe masa kai da hannu biyu ya sha. Kwana biyar ya yi, nono ya bi masa ta hanci, ya mutu a cinyata.

Kafin ya mutu an haifi wasu biyu masu irin wannan, namiji da mace. Suna nan, ina riƙe musu kai sau huɗu a rana.

Maƙwabcinmu Malam Ɗantala ya leƙo ta katanga ya ce iska ce ta bi ta gidan, ya kawo turare muka banka har Ruƙayyatu ta gudu ɗaki tana tari tana cewa, Malam, aljanun sun tafi, saura mu. Na yi tofin da kuke yi a ruwan sha. Ban ga canji ba. Jibi zan je wajen likitar dabbobin nan ta kusa da unguwar Fedaral Lokos, wadda ta yi wa Mai-Kwalli allura bara. Abin da ta ce zan rubuto.

Allah Ya tashi kafaɗunku.

Ni ne ɗanku,
Safiyanu

Unguwar Dawaki, Gombe
20 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum.

Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin sauƙi. Adda ta ce kun fara riƙe cokali da kanku, alhamdu lillahi. A gaida Inna, a gaida mutanen gida baki ɗaya. Ku gafarce ni da na yi jinkiri. Na so in tabbatar da abin da idona ya gani kafin in sa shi a takarda, domin magana ce mai nauyi.

Likitar, Dakta Theresa, ta zo har gida da takalmin robarta. Ta ɗaga 'yan tumakin nan, ta sake su, ta duba ido, ta murza gashi. Ta ce abu uku ne ke kawo irin wannan: ko uwa ta rasa wani sinadari a abinci lokacin da take da ciki, ko wata cuta ta kama ta da cikin, ko kuma gado ne. Ta yi wa masu cikin allura, ta ce in rataya musu gishirin lasa, mu ga abin da sauran za su haifa. Na yi duk yadda ta ce. Bayan mako uku tumaki biyar suka haihu, biyu suka zo da rawar nan. Waɗancan biyun na farko sun riga sun mutu.

Baffa, daga nan na daina tambayar mutane na koma kallo. Harawar da muke ba su, wajen mutum ɗaya muke saye da Malam Ɗantala, ruwanmu famfo ɗaya, nasa kuma lafiya suke haihuwa. To ba abinci ba ne. Sai na tuna da tumakin Ruƙayyatu guda biyu da babanta ya ba ta, waɗanda kuke kira 'yan kasuwa. Turke ɗaya suke da namu, kwano ɗaya, kuma Mai-Kwalli ne ya barbare su. Sau biyu-biyu ke nan suna haihuwa a gidan nan, 'ya'yansu ko tuntuɓe ba sa yi. Na roƙi Ruƙayyatu tsohuwar atamfarta na yayyaga, na ɗaura jan ƙyalle a wuyan duk tunkiyar da ta haifi mai rawa. Ta ce oh, yau kuma biki ake a garke ba a gayyace ni ba? Da na gama na zauna a kan turmi ina kallonsu. Guda biyar masu ƙyalle. Huɗu 'ya'yan Mai-Kwalli ne na cikinsa. Ta biyar, Gajera, ubansu ɗaya da shi.

Na koma na gaya wa Dakta. Ta ajiye abin da take yi ta ce, Safiyanu, sake faɗa a hankali. Na sake. Ta tambaye ni yaushe rabon da wani rago daga waje ya shiga garkenmu. Na ce tun ba a haife ni ba. Ta dafe kai ta ce, kai, Baba ya kulle ƙofa da yawa.

Ran nan ɗaya daga cikin na bayan ya mutu da safe, na kai mata shi a buhu. Ta buɗe kansa a gabana. Ban so kallo ba, amma na kalla. Ta nuna mini can ta ƙeya akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ce ke daidaita tsayuwa da tafiya, ita ke sa baki ya sami nono ba kuskure. Ta ce tasa ba ta kai rabin yadda ya kamata ba, haka aka halicce shi tun a ciki, babu allurar da za ta ƙaro ta.

Sannan ta ɗebo masara a kwanon kajinta, fara da ja, ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce kowace dabba ƙwaya biyu take ɗauke da ita a kan kowane abu na jikinta, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan ɗaya ja ce ɗaya fara, farar takan rufe jar, dabba ta tashi lafiya, kyakkyawa ma, ba mai sanin tana ɗauke da komai. Sai ranar da ja ta uba ta gamu da ja ta uwa a ɗa ɗaya. A garken da baƙo ke shiga da wuya su gamu. A garken da uba ke hawan 'ya'yansa da jikokinsa kuwa, kullum hanya ɗaya suke bi. Ta ce ba za ta rantse ba sai an kai jini gwaji wani gari mai nisa, amma ƙyallayena sun gaya mata abin da take buƙata.

Baffa, na san dalilin dokarku. Kun sha ba mu labari, yadda shanu suka ƙare aka shigo gari, abin da ya rage sai zuriyar tunkiyar da mahaifiyarku ta ba ku ranar sunanku. Da yadda kuka taɓa aro rago a kasuwar dabbobi ta Tike ya shigo da majina da gudawa, kuka binne goma sha tara a mako ɗaya, kuka ce daga ranar baƙon rago ba zai ƙara taka gidanku ba. Ba don girman kai kuka yi ba, don tsaro kuka yi. Shekara talatin kuna zaɓen wanda ya fi kwalli a cikin 'ya'yan gida ku bar shi uba. Ni ban isa in ce kun yi kuskure ba. Abin da na gani kawai na faɗa.

Ina roƙon izininku a kan abu biyu. A hutar da Mai-Kwalli daga barbara, kuma a samo rago daga waje, wanda likita za ta duba ta killace shi kafin ya kusanci namu. Ba zan motsa ba sai na ji daga gare ku.

Ɗanku mai neman albarka,
Safiyanu

Dawaki
11 ga Oktoba, 2023

Baffa,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Ina gaida Inna da Adda.

Saƙonku ya iso ni ta wayar Adda. Kada a sayar, kada a yanka, kada baƙon rago ya taka gidan, kuma likita ba ta san tumakinku ba. Na ji, na karɓa.

Maganar buhu kuwa gaskiya ce, Bakari bai yi mini ƙarya ba. Da na ga tumakin sun fara nema, na rasa yadda zan yi, sai na yanka buhun dusa na ɗaura wa Mai-Kwalli a ciki ya sauko ta gaba, yadda ko ya hau ba abin da zai faru. Na ce a raina ban sayar ba, ban yanka ba, kawai na jinkirta har ku ƙara tunani. Bakari ya shigo karɓar saƙon Inna ya gan shi, ya yi ta dariya har da riƙe katanga, yana cewa yau ga rago da bante. Ban ɗauka zai kai muku ita a matsayin abin dariya ba. Adda ta ce ranar ba ku ci abinci ba, kun ce kuna da rai an sa wa ragonku tsumma mutanen tasha suna ba'a da shi.

Wallahi Baffa ban yi don in kunyata ku ba. Na kwance buhun tun ranar Litinin, na ƙone shi. Mai-Kwalli yana cikin tumakinsa. Watakila ni ne ban gane ba, watakila damina ce ta zo da abin ta tafi da shi. Nan da wata biyar za mu gani. Ina roƙon Allah Ya sa ni ne mai kuskure, ba abin da zai fi mini wannan daɗi.

Ku ci abinci don Allah. Ku yafe mini.

Safiyanu

Unguwar Dawaki, Gombe
18 ga Maris, 2024

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Barkanmu da shigowar azumi, Allah Ya karɓa mana. Adda ta ce likitoci sun hana ku yi bana, kada wannan ya dame ku, Allah Ya san halin da kuke ciki. Ina gaida Inna da zafi, ina gaida Adda da yara. Adda, wannan takardar doguwa ce kuma ba mai daɗi ba. Ki karanta ta duka kamar yadda na rubuta, kada ki gyara mini komai don ki sassauta.

Baffa, tumakin sun haihu. Sha ɗaya suka haihu, 'ya'ya sha huɗu. Shida ba su miƙe ba.

Bara na ce sanyin damina ne. Bana a tsakiyar zafi suka zo, ƙasa a bushe, gishirin lasa a rataye, uwayen an yi musu duk allurar da ake yi. Gajera tagwaye ta haifa, duka biyun suna kaɗa kai. Ta lashe wannan ta lashe wancan, ta tura su da hanci su tashi, su faɗi, ta koma gefe ta tsaya tana kallona tana kuka. Hantsarta ta cika ta yi tauri, ni nake tatse ta. Hannuna biyu ne, kawuna shida. Ruƙayyatu ta sayo bulumboti irin na jarirai muka raba aikin, ita uku ni uku. A mako biyu biyar suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Wasu nono ya shaƙe su, wasu kwanciya ta ci musu gefe har fata ta saɓule. Bayan katanga wajen bishiyar dalbejiya babu sauran inda ban haƙa ba.

Ɗaya ta rayu, mace, 'yar Doguwa. A duk abin da aka haifa a gidan nan tun ina yaro ban ga mai kwallinta ba, ido biyu daidai kamar an auna. Da kuna nan da kun ɗaga ta sama kun kira Inna ta zo ta gani. Ita rawarta ba ta kai ta sauran ba. Ta koyi tsayuwa da ƙafafu a ware, ta jingina da bango ta bi shi har ƙofar kicin inda Ruƙayyatu take. Idan ta ga 'yan uwanta suna tsere sai ta manta da kanta ta zabura, ta kifa, ta tashi, ta kuma. Ta fara tsinkar ganyen harawa, sai ta kai baki sau biyar kafin ta kama ɗaya. Na fara cewa wannan kam za ta yi rai, ko ba za ta haihu ba a bar ta ta ci abincinta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi masallaci, Ruƙayyatu ta shiga ɗaki ta yi salla. Kwanon ruwansu kun san shi, rabin duro ne, ruwan ciki ko tsawon yatsa bai kai ba don ni na rage shi saboda ita. Ƙishi ya kai ta. Ta sa baki, kan ya kaɗa, ta faɗa da fuska, ta kasa ɗagowa. Da na dawo na tarar da Ruƙayyatu zaune a ƙasa da ita a zani. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, Safiyanu, nan da wata nawa za mu sake? Na duba, ga Mai-Kwalli can yana bin wata 'yarsa da ta fara nema, leɓensa a ɗage.

Ranar Asabar da hantsi na sa masa igiya na ja shi zuwa wajen Dakta Theresa. Bai yi gardama ba, ya saba in an fita da shi wanka ne ko allura. Ta tambaye ni, Baba ya yarda? Na ce bai yarda ba. Ta ce to ka je ka yi tunani, abin nan ba a mayar da shi. Na ce wata bakwai ina tunani. Ni na riƙe ƙahonsa na danne wuyansa da gwiwata, ta yi masa allurar kashe zafi, ta dandaƙe shi da ƙarfen da suke yi da shi. Bai yi kuka ba, haƙora kawai ya riƙa ci. Da muka dawo ya kwanta a inuwar ɗakinku, bai taɓa dusa ba sai washegari. Yanzu ya tashi, yana ci, kumburin yana sauka.

Ban sayar ba, ban yanka ba, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba kamar yadda na yi da buhu. Na san abin da kuke nufi, kuma na saɓa muku ina sane. Akwai saura. Malam Ɗantala yana da rago irin Uda, Dakta ta duba shi ta yi masa rigakafi, za a ware shi mako uku. Bayan nan zan riƙa kai masa tumakinmu can gidansa. Malam ya ce to a kawo amaren, shi ba ya karɓar sadaki. Ragon ba zai taka gidanku ba, amma na san duk ɗaya ne.

Baffa, ku kuka koya mini cewa dabba amana ce, ranar lahira za a tambayi mai ita. Na auna fushinku da abin da nake binnewa, na kasa ɗaukar na biyun. In akwai laifi nawa ne ni kaɗai, Ruƙayyatu ba ta sa ni ba, Dakta ma sai da ta ja ni baya. Duk hukuncin da kuka yanke na karɓa. Albarkarku kawai nake roƙo kada ku janye.

Ɗanku,
Safiyanu

Unguwar Dawaki, Gombe
23 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Baffa Joda,

Assalamu alaikum.

Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya daɗe bai ji muryar ubansa ba. Yaya jiki? Inna ta gaya wa Ruƙayyatu a waya cewa tun bayan babbar salla ƙafar ta ƙara nauyi, ba ku fitowa ƙofar ɗaki sai an ɗauko ku. Allah Ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna, ina gaida Adda da haƙurin da take yi da mu duka.

Wata shida ke nan ban sami saƙonku ba, ko na faɗa. Adda ta ce takardar azumi ta karanta har inda na sa wa Mai-Kwalli igiya, kuka ɗaga hannu ta tsaya. Biyun da na aiko bayanta suna ƙarƙashin tabarmarku ba a buɗe ba. Da salla na shirya zuwa, Inna ta ce in dakata tukuna, ganina zai iya tayar muku da hawan jini. Na dakata. Ban yi fushi ba, ba ni da bakin yin fushi. Amma kun ce kada in ɓoye komai na garke, kuma ba ku janye wannan ba, shi ya sa nake ci gaba da rubutu.

Tumakin sun haihu. Tara suka haihu, 'ya'ya sha biyu. Duka sun miƙe.

Na farkon na tsaya a kansa da hannuna a shirye don in riƙe masa kai, na saba. Ya yunƙura ya faɗi. Ya sake yunƙurawa ya tsaya, ya taka uku, ya cafki nono tashi ɗaya yana kaɗa wutsiya. Gajera ma ta haihu, namiji, yanzu haka yana kan turmi yana neman hawa katanga. Ruƙayyatu ta wanke bulumbotin ta ba maƙwabta. Dakta ta zo ta gani ta ce, ka ga, Safiyanu, ai ka yi daidai.

Na ɗauka ranar zan yi murna. Na zauna ina kallonsu, rabin jikinsu na gaba ja, na baya fari, kunnuwa zalo-zalo irin na ubansu. Biyu ne kawai suka ɗauko ɗan baƙi a ido, shi ma a gefe ɗaya. Wanda ya shigo gidan nan zai ce garken Malam Ɗantala ne ya tsallako. Kuma Dakta ta ce jar ƙwayar ba ta fita ba, tana nan kwance a jikin uwayen da wasu daga cikin 'ya'yan. Don haka ba za a ƙara barin ɗan gida ya zama uba ba, duk bayan shekara biyu sai an canja rago daga wani wuri dabam. Na gane abin da wannan yake nufi. Kowace haihuwa kamannin tumakinku za su riƙa raguwa. Ni na yi wannan, na sani. Garken zai rayu, amma wanda mahaifiyarku ta ba ku yana ƙarewa a hannuna.

Mai-Kwalli yana nan. Ya yi ƙiba, wuyansa ya sauka, ya daina karo da turke. Tumaki na nema a gabansa ko kai ba ya ɗagawa. Da layya mutum uku suka taya shi, har wani Alhaji daga GRA ya aiko mota, na ce ba na sayarwa ba ne. Malam Ɗantala ya ce to ka yi layyar da shi mana, ya halatta. Na ce mai shi bai ce ba. Zai ci harawarsa a gidan nan har ranar da Allah Ya yi.

Baffa, ba na neman ku ce na yi daidai. In kun ce ban yi ba, ba zan yi musu ba. Amma Inna ta ce jikin yana ja baya, ni kuma tsoro nake ji, kun san na mene ne, ba sai na rubuta ba.

Ranar Juma'a zan biyo motar Bakari ta farko. Ba zan shigo muku kai tsaye ba. Zan zauna a zauren gidan Adda, ita ta gaya muku na iso. In kun ce in shigo, in shigo in durƙusa, ko ba za ku dube ni ba. In ba ku ce komai ba, zan zauna har la'asar, in bi motar ƙarshe don tumaki ba sa kwana da yunwa. Juma'a ta sama kuma in dawo in zauna a wurin.

Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa ku yafe mini.

Ni ne ɗanku,
Safiyanu